SHARA DA TSINTA: JITAR LITTAFI DA JITAR GASKIYA

'Yan'uwana mata, akwai wani shafi da kusan duk mai karatun littattafanmu na soyayya ta taɓa cin karo da shi, in ba a littafi ba to a fim. Yamma ta yi, saurayi yana zaune cikin lambu, ga furanni ga iska, sai kawai a ce ya jawo jita ya fara kaɗawa, wani irin sauti mai sanyi ya dinga fita ɗai-ɗai kamar ɗigar ruwan indararo, budurwa tana laɓe bayan taga hawaye na zuba. Tun daga shafin farko har zuwa nan babu inda aka ce mana ya taɓa riƙe jita. An faɗa mana kalar motarsa, an faɗa mana sunan turarensa, an ƙirga mana kujerun falon babansa, amma inda ya koyi kiɗa da wanda ya koya masa, shiru. Haka nan aka haife shi da ita a hannu ke nan?

Na san inda aka samo abin. Daga finafinan Indiya ne, inda jarumi zai rungumi jita yana tsalle a kan tsauni, yatsunsa ko motsi ba sa yi amma kiɗa yana ta tashi. Su can sun san akwai makaɗi na gaskiya a ɓoye cikin ɗakin ɗaukar sauti, an biya shi kuɗinsa. Mu da muka ara sai muka ɗauko jarumin muka bar makaɗin. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ba ƙaramin ƙorafi ba ne, don kuwa abin da marubuciya ta ɓoye a nan shi ne ainihin labarin.

Bari in fara da abin da yake hannun saurayin. Jita tana da tsirkiya 6, uku masu kauri a sama, uku sirara a ƙasa. Hannun hagu shi ke danne tsirkiyoyin a wuyan jitar, tsakanin ƙarafunan nan da aka gitta, hannun dama kuma shi ke fitar da sauti. In hannun hagu ya danne wurare da suka dace, sai a sami sautuka da suke tafiya tare ba sa faɗa da juna, mafi ƙaranci guda uku, waɗanda masu karatun kiɗa suke kira do, mi, so. Ni dami nake ce wa wannan, kamar damin gero. To hanya biyu ce ake fitar da damin nan. Ko dai a sa hannu a share tsirkiyoyin gaba ɗaya, fuuu, duk su yi magana lokaci guda, wannan ita ce shara. Ko kuma a kwance damin a dinga ɗaukar sautukan ɗaya bayan ɗaya, kowane a ba shi lokacinsa ya fita ya gama kafin ɗan'uwansa ya rufe shi. Wannan na biyun shi Turawa suke kira arfejiyo, kalmar Italiya ce da ta fito daga sunan wani babban abin kiɗansu mai tsirkiyoyi da yawa da ake taɓawa da yatsu. Ni dai tsinta zan kira shi, don duk wadda ta taɓa zama da faifai tana tsince shinkafa ta san bambancin tsinta da shara.

Sautin nan mai sanyi da ake kwatanta mana a littafi, mai sa budurwa kuka, tsinta ne. Kuma shi ne mai wuyar. Shara yaro ma zai iya kwaikwayonta cikin 'yan kwanaki, in an sami kuskure sauran tsirkiyoyi sun rufa asiri. A tsinta babu mai rufa wa wani asiri. Tsirkiya ɗaya ta ƙi fita, ko ta yi zizar ƙuda saboda ba a danne ta sosai ba, kowa ya ji.

Yadda ake koyonsa kuwa, an raba wa yatsun hannun dama aiki kamar yadda uwar gida take raba wa yara. Babban yatsa shi ke da tsirkiyoyi uku masu kauri. Manuniya tana da ta uku, na tsakiya yana da ta biyu, yatsan zobe yana da ta farko, wato siririyar can ƙasa. Ƙaramin yatsa, auta, a wannan tsari an yafe masa. Darasin da aka fi farawa da shi bugu shida ne: babban yatsa, manuniya, na tsakiya, na zobe, sai a komo na tsakiya, sai manuniya, sai a sake daga farko. Hawa da sauka ke nan. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ki gwada yanzu a kan cinyarki, ki ce yatsan zobe ya ɗaga shi kaɗai ba tare da ya ja na tsakiya ba, za ki ga taurin kai. Shi yatsan zobe bai saba da aikin kansa ba, kullum a bayan 'yan'uwansa yake fakewa, kuma shi ne yake cinye wa mai koyo makonni.

Akwai wani makaɗin jita ɗan ƙasar Italiya, Mauro Giuliani, da ya zauna a birnin Biyana na Ostiriya. A shekarar 1812 ya fitar da littafin koyarwa, a cikinsa ya jera darasi 120 na hannun dama kaɗai. Abin da ya burge ni, duka 120 ɗin nan a kan dami biyu rak aka gina su. Hannun hagu yana kai-komo tsakanin wuri biyu, dama kuma tana canza salon tsinta sau 120. Yau fiye da shekara 200 ke nan, har gobe ana ɗora masu koyo a kansa. Ki duba fa, mutumin da ya iya kiɗa har ana taruwa a saurare shi, da ya tashi koyarwa bai fara da waƙa mai daɗi ba, ya fara da abin da zai gundure ki.

Kuma a hankali ake yi. Masu koyarwa suna da wata 'yar na'ura mai ƙyas-ƙyas kamar agogon bango, yanzu har a waya ana samunta, a saita ta bugu 60 a minti, wato kowace daƙiƙa tsirkiya ɗaya. Sai an yi shi sumul babu tuntuɓe sannan a ƙara sauri kaɗan. Wanda ya yi gaggawa hannunsa zai haddace kuskure, kuma cire kuskuren da hannu ya haddace ya fi koyon sabo wuya, duk wadda ta taɓa warware saƙar da ta karkace tun daga tushe ta san haka. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai. Sannan ga ciwo. Kan yatsun hagu sai sun yi ja sun yi zafi, musamman in tsirkiyar ƙarfe ce ba ta roba ba, har sai sun yi kanta. Farcen hagu dole a yanke shi ƙasa-ƙasa, na dama a ɗan bar shi. Ina jarumar littafi mai zara-zaran farata da aka sha musu lalle? Ai sai ta zaɓa. A ƙasarmu ma akwai ƙarin aiki, don in hunturu ya shigo katako yana bushewa, tsirkiya ta dinga saki, kafin a zauna darasi sai an ɓata lokaci ana ɗaure ta ana saurare.

To duk wannan shi ne aka share daga littafi da fim. Wata za ta ce, haba Hajiya, labari ne fa, wa zai sayi littafi don ya karanta ciwon yatsa? Ni kuwa na ce masu saye ai mu ne, kuma mun fi kowa sanin ciwon yatsa. Wadda ta koyi ɗinkin hula allura ta sha sukarta, wadda ta koyi kitso ta sha kwance kan ƙanwarta sau uku a zama ɗaya, wadda ta koyi murza taliya ko tuƙin tuwon biki, wace ce a cikinsu za ta ƙi gane yarinyar da take fama da tsirkiya? A ce ga yarinya a Kila ko Basirka, ta sami tsohuwar jitar yayanta da ya dawo da ita daga makaranta, tsirkiya ɗaya ma ta tsinke, tana shiga ɗaki bayan isha tana maimaita bugu shida ƙasa-ƙasa, goggonta daga tsakar gida tana cewa wai wace ce take ta kiran sauro haka. Wallahi wannan ya fi lambu da furanni kama zuciya, kuma akwai dariya a ciki, akwai fargaba.

Illar ɓoyewar kuma ba a kiɗa kaɗai ta tsaya ba. In yarinya ta girma tana karanta cewa gwaninta baiwa ce da take faɗowa daga sama kan masu kyau da masu kuɗi, ranar da ta taɓa keken ɗinki ko kwamfuta ta ga abu ya ƙi cikin sati guda, sai ta ce ni ba ni da baiwar, ta ajiye. Yanzu ma an sami masu taya mu wannan ɓarna a waya, masu bidiyon nan da suke alƙawarin za ki iya jita cikin kwana bakwai. Baiwa gaskiya ce, ban musa ba, akwai mai kunnen da Allah ya buɗe. Amma kunne ba ya danne tsirkiya.

Abin haushin shi ne ba sai mun je Indiya aro ba. Muna da masu tsirkiya tun kaka da kakanni: garaya ta maharba mai tsirkiya biyu, molo, gurmi, ga goge da kukuma da ake goga musu izga. Ki ɗauki marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tal. Mai ilimin kiɗa zai ce tsirkiya ɗaya ba ta yin dami, saboda haka abin da yake yi ba arfejiyo ba ne, kuma ya yi gaskiya. Amma mai tsirkiya ɗaya ba shi da shara ko da yana so, dole kowane sauti ya fita shi kaɗai, tsirara. Ki sake sauraron Waƙar Karen Mota ko Jawabin Aure, wannan karon ki bar maganar ki bi kuntigin. Za ki ji wani ɗan gajeren zagaye ne yake ta maimaitawa, ga sauri ga tsabta, ba ya haɗiye ko ɗaya. In ya zo zai faɗi magana mai nauyi sai kiɗan ya ja baya ya ba ta wuri, in ta faɗi sai ya dawo kamar mai cewa kun ji dai. A Jawabin Aure, inda yake ɗaukar muryar miji ya ɗauki ta mata, hannun bai taɓa rikicewa ba alhali baki yana wasan mutum biyu. Wannan ba ya samuwa sai hannu ya kai matsayin da ba ya buƙatar a tuna da shi.

A nan jiharmu ta Jigawa kuma muna da marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Shi gurmi ya fi kusa da abin da nake bayani, don tsirkiyarsa ta wuce ɗaya kuma da yatsu ake taɓa shi, ana jin wani sauti yana riƙe ƙasa wani yana yawo a sama. A ganina duk wanda yake son ya san yadda tsinta take zama da harshen Hausa, daga nan ya kamata ya fara kafin ya je ga Giuliani. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalma ɗaya in an karya muryarta ta koma wata kalmar, shi ya sa makaɗin tsirkiya na gargajiya yake bin bakin mawaƙi sau da ƙafa. A Nijar ma an yi Malam Maman Barka, malamin makaranta ne da ya shahara da gurmi, ya rasu a 2018. Da girmansa da sunansa ya koma ɗalibi, ya tafi yankin tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, don kada ya ɓace. Ga labarin da ya isa littafi guda, babu wadda ta rubuta a cikinmu.

Daga nan sai in juyo kan fiyano, don shi ne ya gaji wurin waɗannan mutane a kunnuwanmu. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, kafin shekaru goma su cika, musamman bayan Sangaya na 1999, kiɗan fiyano ya mamaye waƙar fim, daga nan ya tsallaka gidan biki. Yau in kaka ta yi aka shiga bukukuwa, daga Birnin Kudu har Sara da Gwaram, abin da yake fita daga manyan lasifikoki ke nan. Ba zan yi wa 'yan fiyano rashin adalci ba. Sun buɗe wa dubban matasa hanyar abinci, akwai masu kunne na gaske a cikinsu, kuma akwai waƙoƙinsu da nake so. Inda nake da magana shi ne maɓallin nan. Irin waɗannan na'urori, da manhajojin kwamfuta da suka biyo bayansu, suna da wurin da in ka danne dami sai su tsince maka shi da kansu, da muryar jita ko ta wani abin, babu gajiya babu tuntuɓe. Abin da Giuliani ya ware wa darasi 120 ya koma aikin yatsa ɗaya.

To mene ne laifin sauƙi? Injin markaɗe ma ai ya hutar da mu daga dutsen niƙa, ban ji mai kukan dutse ba. Laifin a kunne yake. Na'ura kowane sauti da ƙarfi ɗaya take fitar da shi, a tazara ɗaya, tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Hannun mutum kuwa yana danna wani ya sassauta wani, yana ɗan jinkirta inda mawaƙi zai ja numfashi. Da makaɗi ke bin mawaƙi, yanzu mawaƙi ke bin na'ura, in kalma ta yi tsawo a datse ta, in muryarta ba ta hau kiɗan ba a lanƙwasa ta. Shi ya sa za ki ji waƙa ta ƙare ba ki tsinci rabin abin da aka ce ba, kuma ki ji goma a jere ki rasa inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta tashi. Ba tsufa ne ya kama kunnenki ba, Yaya.

Saura maganar da na san tana bakin wasu tun ɗazu: mace da jita? Maganar halacci da haramcin kayan kiɗa ta malamai ce, sun yi bayani kuma sun saɓa, kowa ta bi wanda ta amince da shi, ba fagena ba ne. Abin da yake fagena shi ne al'ada, kuma a al'adarmu abin da ya fi hana mutane taɓa tsirkiya shi ne gudun a ce musu maroƙa. Muna son waƙar, muna kuka da ita, muna liƙa kuɗi, amma in makaɗin ya aiko neman 'yarmu sai a fara tambayar asali. Mata kuma an bar mana ƙwarya da shantu. Ba raini nake yi ba, wadda ta ji marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta san abin da ƙwarya za ta iya. Amma ƙwarya bugu ce, tsirkiya kuwa an mai da ita kamar gadon maza.

Maƙwabtanmu Abzinawa ma haka abin yake a wurinsu, mata da tende, wato turmi da aka ɗaure wa fata, maza da jita. Sai ga wata yarinya a ƙauyen Illighadad na ƙasar Nijar, Fatou Seidi Ghali, ta koya wa kanta da jitar yayanta. Faifansu na farko ya fito a 2016, gefe ɗaya jita gefe ɗaya tende, na biyu mai suna Eghass Malan a 2017, ƙungiyarsu ta 'yan matan Illighadad ta yi wasa a Turai da Amurka. Abin da ya sa na kawo ta ba yawon duniyar ba ne, hannunta ne. Ba ta da rawar kai irin ta samarin da suke son a ga gudun yatsunsu. Tsirkiya mai kauri tana riƙe ƙasa kamar bugun taɓarya, sirara suna zagaye a kanta, abu kaɗan ake ta juyawa har sai ya shiga jiki. Wani zai ce babu yawa a ciki. Ni kuwa ina ganin ta ɗauko haƙurin turmi ta ɗora wa jita, kuma a cikin masu jitar da na saurara kaɗan ne kiɗansu ya yi kama da aikin mace a tsakar gida kamar nata.

Masu cewa wannan tsintar sauti ɗai-ɗai baƙon abu ne da Bature ya kawo, su zo Birnin Kudu. Kowa ya san garin da zanen shanun nan na mutanen da, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Abin da ba kowa ya damu da shi ba shi ne duwatsun da suke kusa da zanen, masu amo kamar ƙarfe in an buga su da ɗan dutse. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura da su a 1955, ya yi rubutu a kansu a 1956, daga nan masu bincike suka shiga gano irinsu a wasu wurare. Ba kowane gefe na dutsen ne yake ba da murya ɗaya ba, nan ƙasa-ƙasa can sama-sama, sai wanda ya san wuraren ne zai jera su su zama kiɗa. Kuma wuraren ba ɓoyayyu ba ne, don bugu ya cinye su, sun lotsa sun yi santsi. Dutse ne fa mai tauri, irin wanda ake sassaƙa a yi na niƙa. In kin sami zuwa, ki sa ɗan yatsanki cikin ɗaya daga guraben nan ki ji zurfinsa.